Taswirar Baba a Kan Teburin Falona

Teburin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani kafinta a unguwarmu ya haɗa shi shekarar da na tare a Garuwa, a nan Kamaru, gajere ne, ƙafarsa ɗaya ma ba ta kai 'yan'uwanta ba, sai da na cusa mata murfin kwalba. Shekara goma sha ɗaya yana tsakiyar falo yana shan wuya. Kofunan shayi sun bar masa zobba, kaskon turaren wuta ya ƙona masa gefe, yara sun yi aikin makaranta a kansa har da rubuta abin da malami bai tambaye su ba. Ban taɓa jin kunyarsa ba sai ranar da muka je gidan wata abokiyar aikina.

Mu matan ofishinmu duk wata mukan haɗu a gidan ɗaya daga cikinmu, a ci, a sha, a yi gulmar mazan ofis. Wannan karon gidan wadda muke zama ɗaki ɗaya da ita a ofis ne, matar da ba ta iya ajiye jaka sai ta faɗi inda aka sayo ta. Teburinta na gilashi ne, daga Duwala. Ta sa muka zagaye shi muna yabo kamar masu barkar haihuwa. Da za mu tafi ta dafa kafaɗata ta ce, tana surkawa da Faransanci kamar kullum, "Wata mai zuwa gidanki ne fa, ma sheri. Kar ki wahalar da kanki, mu ba baƙi ba ne."

Na yi dariya tare da kowa, amma maganar ta tsaya mini a wuya har gida. Ina da zuciya, ba na musu. Tun ina ƙarama in aka nuna mini ba zan iya abu ba, ba na samun sukuni sai na yi shi, ko da kuwa ba ni da amfani da shi.

A waya na ga dabarar. Wata mata a wata ƙasa ta ɗauki tsohon tebur da ya fi nawa lalacewa, ta goge shi, ta shafa gam, ta shimfiɗa tsohuwar taswira a kai, ta sake shafa gam a sama, sannan ta bi da man nan mai sheƙi da kafintoci ke shafa wa katako, wanda muke ce wa verni. Sai ga tebur ya fito kamar na gidan gwamna. Na kalli hoton ya fi sau goma. Gilashin Duwala kowa na iya saye, amma wannan sai mai basira, kuma ni a ganina basira ba ta wuce ni ba.

Na je shagon littattafai kusa da babbar kasuwa neman taswira. Duk na 'yan makaranta ne, sababbi fil, kore da ja da ruwan hoda, suna ƙyalli. Ba su nake so ba. Ta cikin wayar ta tsufa, ta yi ruwan ƙasa, da alamar ninki a jikinta. Ina kan mashin a hanyar gida na tuna akwai irinta a gidana, a ɗakin baya, cikin akwatin Baba.

Baba ɗan Kolofata ne, can aka haife shi, can aka haife ni. Fatauci ya yi tun yana saurayi: albasa zuwa kudu, goro zuwa arewa, wani lokaci busasshen kifi daga Kusiri. A zamaninsu falke ba ya sauka a otel. A kowane gari yana da mai masaukinsa, mutumin da zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, in rigima ta tashi ya tsaya masa. Rabin rayuwar Baba a zaurukan mutane ya yi ta. Da zaman Kolofata ya gagara, mahaifiyata kuma ta riga ta rasu, maigidana ya je ya ɗauko shi. Ya zo da akwatin ƙarfe ɗaya da buzu da buta.

Taswirar wani direban babbar mota ne ya ba shi tun kafin a haife ni. Ta hanyoyin arewacin Kamaru ce, rubutun jikinta Faransanci. Baba ba ya karanta boko, amma ya san hanyar da ƙafarsa. Direban ya nuna masa ɗigon kowane gari, shi kuma ya zauna da alƙalamin kara da tawada, ya rubuta sunan mai masaukinsa da ajami kusa da kowane ɗigo, ƙanana-ƙanana. In mutum ya rasu ɗansa ya gaji zauren, sai ya ƙara sunan ɗan a ƙasa. Akwai ƙauyukan da masu taswirar ba su san da zamansu ba, Baba ya yi musu nasa ɗigon. Duk Juma'a bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinsa, ya warware takardar, ya ɗora yatsa a Kusiri, ya gangaro gari-gari har Ngaundare, yana kiran kowane mutum da sunansa yana yi masa addu'a, rayayye ko matacce. Ba ya tsallake kowa.

A shekarar da nake ba da labari mantuwa ta fara kama shi. Zai yi ta neman hularsa tana kansa. Yakan kira ɗana da sunan ƙanena. Wata rana ina kicin na ji yana ce wa maigidana, "Da a ka nake da su duka. Yanzu in ban duba takarda ba, rabinsu sai su ɓace mini." Da kunnena na ji wannan magana. Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzuri.

To, ga abin da na gaya wa kaina. Takardar ta fara yagewa a ninki. In aka bar ta a akwati, gara ko ɗanshi za su gama da ita. In kuwa na manna ta a tebur na rufe da verni, ta zauna ke nan har jikoki, Baba kuma ya riƙa zuwa falo yana karantawa cikin iskar fanka. Na maimaita wannan har ya yi mini daɗi a baki. Amma na san abin da ya hana ni tambayarsa. In na tambaya zai iya cewa a'a, ni kuwa ranar Laraba ta sama nake da baƙi.

Sai ga hanya ta buɗe. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke Pitowa, ta aiko cewa jikarta ta haihu, ana suna. Baba ya shirya ranar Asabar da safe, ya ce sai Alhamis zai dawo. Bai ɗauki taswirar ba tunda Juma'a a gida za ta same shi. Maigidana ya kai shi tasha. Ƙarar mashin ɗinsu ba ta gama ɓacewa ba na shiga ɗakin.

Ban taɓa buɗe akwatin nan ba. Da na ɗaga murfin ƙamshin Baba ya taso, turarensa da kanumfari, har na ɗan waiga kamar yana tsaye a bayana. Taswirar tana ƙarƙashin rigarsa ta sallah, an naɗe ta cikin leda biyu, an ɗaure da zare. Na kwance zaren. Ban ko yi jinkiri ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni kunya.

Na shimfiɗa ta a ƙasan ɗakina, na danne kusurwoyin da littattafan yara don ta miƙe. Na hau mashin zuwa shagon kayan gini na sayo farin gam na kafintoci, da gwangwanin verni, da takardar goge katako, da burushi biyu. Mai shagon ya ce, "Madam, kin koma kafinta ne?" Na ce masa ya jira ya gani, wata rana shi zai zo koyo. Da yamma na fitar da teburin tsakar gida ƙarƙashin darbejiya na yi ta gurza. Watan Maris ne, zafin Garuwa na dafa mutum a tsaye, gumi na shiga mini ido, amma sai da zobban shayin nan suka fita tas, katakon ya yi fari.

Lahadi da safe na kifa taswirar, na ɗora ƙyalle, na bi ta da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi har ninkin ya kwanta. Na auna teburin, na auna takardar, na sake aunawa. Ta fi shi faɗi kaɗan, na sa reza na rage gefen Nijeriya da gefen Cadi, inda babu rubutun Baba. Har yaba wa kaina na yi a kan wannan kulawa. Na dama gam da ruwa a kwano kamar yadda matar ta yi, har ya yi kaurin koko. Na shafe saman teburin, na ɗora taswirar a hankali, na sa tsohon katin waya ina korar iska daga tsakiya zuwa gefe. Ta kwanta lumui, ko kumfa ɗaya babu. Jajayen hanyoyi, shuɗin kogin Binuwai, da baƙin rubutun Baba a warwatse kamar tururuwa. Wallahi ta yi kyau. Da na tsaya a nan, da yau wani labari nake bayarwa.

Amma matar cikin waya ta ce sai an shafa gam a sama ma kafin verni. Na tsoma burushi a kwanon, na ɗora a can sama, na ja shi daga Kusiri na gangaro har Mora. Shafa ɗaya. Da na ɗaga burushin sai na ga bakinsa ya yi baƙi. Na dubi teburin. Inda sunaye suke babu komai sai wani dogon jirwaye mai ruwan toka.

Na ruga na jiƙo tsumma don in ɗauke gam ɗin kafin ya ci sauran. Na goga. Kolofata ta tafi, da Mora, da Mokolo, da duk ƙananan ɗigon da ke tsakaninsu. Sunayen Faransanci suna nan daram, ko gezau, don na inji ne. Na Baba ne kawai suka narke.

Na zauna daɓas a ƙasa da tsumman a hannuna. Ni da na yi shekara shida a makarantar allo. Ni da nake wanke allona da hannuna in jingine shi a rana. Tawadar gawayi da ƙaro ai an yi ta ne don ruwa ya ɗauke ta, babu yarinyar da ta tashi a Kolofata da ba ta san wannan ba. Matar cikin waya ce ba ta sani ba, ita kuwa ba ruwanta, taswirarta ba ta kowa ba ce. Ni na sani, na ajiye sanina a gefe, na bi nata.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. Kashi ɗaya cikin uku ne ya lalace. Daga Marwa zuwa ƙasa, Kayele, Gidar, Figil, Pitowa, Garuwa, har Ngaundare, rubutun Baba yana nan lafiya lau, ruwa bai taɓa shi ba. Na miƙe na ja da baya na dubi teburin. Sama ta yi duhu, ƙasa ta yi haske, kowa ya gani zai san an yi ɓarna. Takardar kuma ta kama katako, ba ta ɓantaruwa. Sai wani tunani ya zo mini, a natse ya zo, ba cikin ruɗewa ba: in duka ya yi ruwan tokar nan bai ɗaya, ba wanda zai ce kuskure ne, za a ɗauka ado ne. Na tuna gilashin Duwala. Na tuna hannun nan a kafaɗata. Na ce a raina ai abin ya riga ya ɓaci.

Na ɗauki burushin na tsoma. Na shafe Marwa. Na shafe Gidar da Figil. Na bi har ƙasa, layi-layi, ina daidaita hannu don launin ya zo ɗaya. Idona biyu, hankalina a jikina. Ban fi minti goma ba na gama.

Maigidana ya dawo bayan azahar ya tarar da teburin yana shan iska a baranda. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba takardar Baba ba ce?"

"Ita ce."

"Ina rubutun?"

Na ce tawadar ce ta narke, ba da gangan ba. Ya ce, "Kin tambaye shi kafin ki ɗauka?" Nan na hau shi da faɗa. Na ce shi da ko ƙusa bai taɓa bugawa a gidan nan ba, yau ya zama mai duba aiki. Na ce ubana ne, ba nasa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Amma ni ba zan gaya masa ba, da bakinki za ki faɗa." Ya shige ciki. Na fi jin haushinsa don bai ɗaga murya ba.

Litinin da Talata in na taso daga aiki sai in shafa verni, in bari ya bushe, in sake. Shafi uku na yi. Duk shafin da na ƙara ina sane cewa ƙara rufe abin nake yi, amma hannuna bai tsaya ba.

Ranar Laraba da yamma mata suka cika falo. Na yi waina da miyar taushe, na yi zoɓo mai sanyi, wanda a nan muke ce wa folere. Ba wadda ta kalli wainar da farko, teburin suka rufa wa. Wannan ta nemo garinsu, waccan ta ɗauki hoto. Mai gilashin Duwala ta sunkuya ta shafa shi da tafin hannu, ta ce, "Ke kika yi da kanki? Se pa posibl, ba zai yiwu ba! Wannan hayaƙi-hayaƙin fa, yaya kika fitar da shi?"

Na ce, "Sirrin sana'a ne."

Aka kwashe da dariya, aka tafa mini. Kuma na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, kusan awa guda kaina ya kumbura, na manta da komai, ina ta bayanin yadda ake dama gam.

Muna cikin haka aka yi sallama. Baba ne, ya dawo kwana ɗaya kafin ranar da ya faɗa, da ledar naman suna a hannu. Sai an bi ta falo ake shiga cikin gida. Mata suka gyara mayafi suka rage murya, masu Hausa na cewa sannu da zuwa Baba, masu Fulatanci na cewa jam na. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka a kan teburin. Sai amsar ta tsaya. Kofin folere na zaune a kan Marwa, farantin waina ya rufe Garuwa. Ya matso taku ɗaya, ya ɗan sunkuya, ya ƙanƙance ido yana neman abin da ya san yana wurin. Sannan ya miƙe ya ce, "Allah ya yi albarka," ya wuce.

Daga inda nake zaune na ji ƙarar murfin akwatinsa ya buɗe. Can sai na ji ya rufe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata ta ce tsohon nan akwai kamala, na ce e.

Ni ce 'yar fari a wurin Baba, kuma shi mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya haɗa ido da ni, bai kuma taɓa yi mini faɗa baki da baki ba. Da in na yi laifi mahaifiyata yake gaya wa, ita ta zo ta wanke ni tas. Yanzu babu ita, babu wanda zai ɗauko faɗan ya kawo mini. Na san ba abin da zai ce, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Da baƙi suka watse na kai masa abinci. Na durƙusa a bakin ƙofa, shi yana zaune a buzu yana kallon bango.

"Baba, na yi laifi. Na ɗauki takardarku ban tambaya ba. Na ga tana yagewa ne, na so in adana ta."

Ya ce, "Ruwa ne ya taɓa ta?"

"E, Baba."

"To, ai tawada ce. Ke 'yar boko, ina za ki sani. Tashi ki je."

Ya miƙo mini uzurin da hannunsa, ni kuma na karɓa. Ban ce masa na sani ba. Ban ce masa kashi biyu cikin uku da idona a buɗe na shafe su ba. Na ce na gode, na tashi.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi ya fito da buzunsa ya shigo falo, wurin da bai taɓa zama ba tun zuwansa. Ya sauke tukunyar furen roba da na ɗora a teburin ya ajiye a ƙasa, ya zauna, ya ɗora yatsa a Kusiri. Yatsan na zamewa a kan vernin. Ya kira suna, ya yi addu'a. Ya gangaro ya kira wani. A na huɗu ya tsaya, leɓensa na motsi ba abin da ke fita. Ina leƙe daga ƙofar kicin. Na kasa jurewa, na ɗauko littafin rubutu na yara da biro na zo na zauna a gefe, na ce, "Baba, ku faɗa in riƙa rubutawa."

Haka muka yi Juma'a bayan Juma'a. Na manyan garuruwa sun zo da sauƙi. Wasu sai ya fara da siffa, mai rinin nan na Marwa, gurgun nan mai auna gyaɗa, sai can tsakiyar mako yana alwala sunan ya faɗo masa, ya aiko a kira ni da gudu kafin ya sake tafiya. Wasu Gwaggo ce ta tuno mana ta waya, bayan ta gama yi mini wankin babban bargo, wanda na ji daɗinsa ƙwarai don na cancance shi. Ni kuma in ba kowa a falo sai in haska teburin da fitilar waya ta gefe ko zan ga sawun alƙalami. Na ɗauki hoto na buɗa shi har ya dushe. Na kankare wata kusurwa da reza, takardar ta biyo vernin. Babu abin da ya saura.

Littafin ya yi shafi biyu da rabi ya tsaya. Baba ya ce akwai saura, ya san akwai, amma ɗaya ne ya fi damunsa.

Wata damina, in ji shi, yana saurayi, ciwon ciki ya kama shi a kan motar albasa tsakanin Figil da Gidar, amai da gudawa, har direba ya ji tsoro ya sauke shi a bakin hanya. Wani manomi ya tsince shi ya goya shi zuwa ƙauyensu a gindin dutse. Mutumin ba Musulmi ba ne, Kirista ne, Hausarsa ma ta kasuwa ce, kaɗan-kaɗan. Ya kwantar da Baba a ɗakinsa fiye da wata guda. Da Baba ya fara iya cin abinci, sai mutumin ya riƙa ɗaukar kazarsa yana tafiya da ita har wani ƙauye inda akwai Musulmi, a yanka masa, ya dawo da ita matarsa ta dafa, don kada baƙonsa ya ci abin da bai halatta gare shi ba. Kajinsa shida, sai da suka ƙare. Sau biyu kawai Baba ya sake komawa wurin. Sunan ba irin namu ba ne, ba ya zama a harshe, shi ya sa tun farko ya rubuta shi da wasali cikakke. Gwaggo ba ta taɓa jin sa ba. Mahaifiyata ce ta sani.

Maigidana ya ari mota wata Lahadi muka kai shi. Muka bi hanyar a hankali, muna tsayawa muna tambaya. An yi kwalta, an yi gidajen kwano, duwatsun kuma duk kama suke yi da juna. Ɗigon da Baba ya yi wa ƙauyen ya tafi tare da sunan. Tsofaffin da muka samu suka ce in mun faɗi sunan mutumin za su san gidansa. Muka dawo da yamma ba mu samo komai ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya bi littafin har ƙarshe, sannan ya koma kan teburin ya ɗora yatsa a ƙasan Gidar, inda babu komai sai ruwan toka. Na san wurin. Yana cikin inda ruwa bai taɓa ba sai da na sake tsoma burushi.

Ya ce, ba da ni yake ba, "Mutum ya goya ni a bayansa. Ya wanke mini ƙazanta da hannunsa. Ni kuma sai da takarda nake tuna sunansa. Wannan abin kunya nawa ne, ba na kowa ba."

Na ce, "Baba, ba naku ba ne." Na tsaya a nan, ban ƙarasa ba.

Sai ya juyo ya dube ni, cikin ido. Ya ce, "Maigidanki ya ce takardar ta kwana a ɗakinki a buɗe. Kin yi allo, kina karanta ajami. Ko sau ɗaya idonki bai faɗa nan ba? Ko harafin farko ne, in kika faɗa zan kamo sauran."

Babu zargi a muryarsa, fata ce kawai. Ashe duk makonnin nan yana riƙe da tambayar, kunya ta hana shi yi. Har ya zo mini a rai in ƙirƙiro wani harafi in ba shi, na san zai karɓa ya yi ta juya shi. Na dubi yatsansa a kan teburin.

Na ce, "A'a, Baba. Ban karanta ko ɗaya ba. Gefe nake aunawa."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To." Ya ɗaga hannuwansa. "Ya Allah, mutumin nan mai kaji shida, na gindin dutse. Ni na manta, Kai ka san sunansa. Ka saka masa da alheri, shi da zuriyarsa."

Ya jira in ce amin, na faɗa, sannan ya naɗe buzunsa ya koma ɗaki.